Wa Ke Da Bakin Cewa "Tawa Ce"?

A can ƙuryar kudancin duniya, inda rana kan yi watanni ba ta faɗi ba, ta kuma yi wasu watannin ba ta fito ba, akwai wani yanki na nahiyar Antaktika da ake kira Ƙasar Marie Byrd. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 1.6. Ko an haɗa Kamaru da Najeriya wuri guda ba za su cike shi ba. Babu gari, babu gona, babu ko bishiya ɗaya. Ƙanƙara ce malale iyakar ganin ido, a wasu wurare kaurinta ya haura kilomita 2, sai kawunan baƙaƙen duwatsu da suka leƙo nan da can. Shi ne fili mafi girma a duniya da babu wata gwamnati da ta ce nata ne.

A shekarar 2001 wani matashin sojan ruwan Amurka, Travis McHenry, ya lura da wannan giɓi a taswira. Sai ya zauna ya rubuta wasiƙu zuwa ga gwamnatoci yana shaida musu cewa yankin ya sami mai shi. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar da ta hana a yi sabon iƙirari a Antaktika da gwamnatoci take magana, ba ta ambaci ɗaiɗaikun mutane ba. Daga baya ya raɗa wa ƙasar tasa suna Westarctica, ya naɗa kansa sarki, ya yi tuta da tambari, aka buga kuɗi da kan sarki, ya shiga rabon sarautu ga masu so. A 2008 wani ɗan Beljiyam, Niels Vermeersch, shi ma ya kafa tasa mai suna Flandrensis, ya ce tsibirai 5 da ke gaɓar yankin nasa ne: Siple, Carney, Cherry, Maher da Pranke. Har jayayya aka yi a intanet a kan tsibirin Siple, aka yi ta musayar takardu kafin a sasanta. Babu gwamnati ko ɗaya da ta amince da su, babu kuma talaka ko ɗaya da ke kwana a ƙasashen nasu.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san kalankuwa. Bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan dokarsu, a yi shari'a, a ci tara, kowa ya riƙe muƙaminsa da gaske har ranar da za a watse. Ba wanda aka yaudara, kowa ya san wasa ne. Amma idan dariya ta lafa akwai tambayar da ke saura. Kalmomi biyu ne McHenry ya furta, "tawa ce", kuma su ne dai manyan dauloli suka sha furtawa a kan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba. Me ya sa a bakin wani suka zama doka, a bakin wani kuma suka zama abin dariya?

Mu fara da suna, domin shi ake fara jefa wa wuri kafin a miƙa masa hannu. Richard Byrd, matuƙin jirgin saman Amurka, shi ya sa wa yankin sunan matarsa a 1929, baiwar Allah da ba ta taɓa ganin wurin ba. Duk wanda ya bi taswirar yankin da yatsa zai ga jerin waɗanda suka buɗe bakin aljihu aka yi tafiyar: Duwatsun Rockefeller, Tsaunukan Ford, Gaɓar Walgreen ta wani mai shagunan magani, Duwatsun Horlick na mai garin madarar nan da ake damawa. Akwai ma jerin tsaunuka masu aman wuta da ake kira Tsaunukan Kwamitin Zartarwa, don girmama wani kwamiti da ke zaune a ofis a Amurka, kuma a cikinsu ne Dutsen Sidley yake, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000. Tun 1840 Bafaranshe Dumont d'Urville ya riga ya buɗe wannan ƙofa da ya sa wa wata gaɓa sunan matarsa Adèle. Yawancin waɗannan sunaye daga tagar jirgi aka raɗa su. An hango wuri, an kira shi, an wuce.

Mu a wajenmu suna daga baya yake zuwa. Sai an sauka, an kafa bukka, an haƙa rijiya, an binne mamaci, sannan baki ya saba da kiran wurin. Shi ya sa sunayenmu ke ɗauke da labarin zama: Sabon Gari, Tudun Wada, Zango, Unguwar Rimi, Gidan wane, Rijiyar wane, Rugar wane. Ba a taru an zaɓe su ba, zirga-zirgar mutane ce ta haife su. Wanda ya ce zai je Zango ya san akwai inda fatake suka taɓa sauke kaya, wanda ya ce Tudun Wada ya san akwai waɗanda suka yi fatan yalwa a sabon mazauni.

Sai dai kada mu yi saurin nesanta kanmu da wancan salo na hange, domin ƙasar da muke zaune a ciki ta haka ta sami sunanta. Wajen 1472 matuƙan jiragen ruwan Fotugal suka shigo bakin kogin Wuri, suka tarar da jatan lande birjik, suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, daga nan kalmar Kamaru ta samo asali. A watan Yulin 1884 'yan kasuwar Jamus suka ƙulla takarda da sarakunan Duwala, ranar 14 ga watan Gustav Nachtigal ya ɗaga tutar Jamus. Ba a yi shekara ba aka kammala taron Balin, inda aka tsara yadda Turawa za su yi rabon Afirka ba tare da sun yi faɗa da juna ba. Mutanen Garwa da Marwa da Ngaundare ba su san an yi ba, sai bayan shekaru suka ga sakamakon tafe da bindiga. Tsakanin Nachtigal da McHenry, a ranar farko, bambancin bai wuce jirgin yaƙin da ke tsaye a bayan ɗayansu ba.

A Antaktika ma haka manya suka yi. Ƙasashe 7 ne ke iƙirarin yankuna a can: Ingila, Faransa, Nowe, Ostareliya, Niyu Zilan, Ajantina da Cile. Galibinsu layi suka ja a takarda daga gaɓar teku zuwa tsakiyar nahiyar, har rabon Ingila da na Ajantina da na Cile suka hau kan juna. Su kansu sun san layi bai isa ba. Saboda haka gwamnatin Ajantina ta ɗauki mace mai juna biyu a jirgi ta kai ta sansanin Esperanza, inda ta haifi ɗa namiji, Emilio Palma, ranar 7 ga Janairun 1978. Cile ma ta kafa ɗan ƙauyenta, ta kai iyalai har da makaranta. Abin da suke nema shi ne abin da kowace tsohuwa a ƙauye ta sani, wato inda aka binne cibiyar mutum yana da wata magana da takarda ba ta da ita. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933, wadda ta jera sharuɗɗa 4 na zama ƙasa, da mazauna na dindindin ta fara kafin ta ambaci iyaka da gwamnati da hulɗa da waje.

Mu kuwa tun kafin Montebidiyo muna da namu ma'auni. A al'ada, wanda ya sari daji shi ke da gona, 'ya'yansa su gada. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi wa wannan babi guda, babin raya mataccen fili, kuma sun fayyace abin da ake kira rayawa: a fito da ruwa, a yi gini, a dasa itace, a yi noma, a sare kurmi, a fasa duwatsu a daidaita wuri. Sun kuma faɗi abin da ba ya cikin lissafi. Mutum ya kewaye fili kawai ya tafi, ko ya kora dabbobinsa su yi kiwo a ciki, wannan bai ba shi mallaka ba. Idan kuma filin na kusa da gari, sai da izinin shugaba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan wannan mas'ala lokacin da daular Sakkwato ke buɗe sababbin garuruwa. Da za a kai ƙarar sarkin Westarctica gaban alƙalin Gwandu, ba za a daɗe ana zama ba. Tuta kewaye ce, kewaye kuwa ba rayawa ba ne. Hukuncin da zai hau kansa shi zai hau kan waɗancan ƙasashe 7.

Yanzu mu dawo gida, unguwar Briqueterie ta Yawunde, wadda kowa ke yanke wa suna ya ce Birik. A nan al'amarin a juye yake. Can akwai fili ba mutane, nan akwai mutane maƙil, filin ne ke wuya. Sunan unguwar ma ba namu ba ne. Wurin buga tubali ne na zamanin Turawa, an daɗe da daina bugawa, sunan ya zauna. Ewondo, waɗanda aka tarar a wurin, Ekudu suke kiran yankin. Kakanninmu sun iso Yawunde tun zamanin Jamus, ƙarshen ƙarni na 19, bayan an kafa barikin da ya zama tushen birnin. Fatake ne masu neman hauren giwa da roba da goro, da mahauta masu biyo shanu daga Adamawa. An sha tayar da su daga wannan wuri zuwa wancan yayin da gari ke faɗaɗa, kafin a zamanin Faransawa su tabbata a inda suke yau, maƙwabtan Mesa da Tsinga da kasuwar Mokolo.

Ba su raɗa wa wurin suna ba, ba su kafa tuta ba, amma duk sharuɗɗan da malamai suka jera sun cika su. Sun yi gini, sun haƙa rijiyoyi, sun tayar da masallatai da makarantun allo. Yau duk mai neman shadda ko atamfa ko telan da ya iya aikin wuya a Yawunde ya san inda zai nufa. Da yamma hayaƙin tsire, wanda mutanen gari ke kira soya, kan jawo manyan motoci daga unguwannin masu hali, a sayi kilishi a yi tsaraba har Turai. A bakin mutanen kudu kuwa duk wanda ya sa doguwar riga ya nufi masallaci Bahaushe ne, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Bamun, ko ɗan Mali, ko ɗan Sanagal. Harshen ciniki da salla suka ɗinke su, har unguwar ta zama ana kiranta unguwar Hausawa ba tare da wani ya rubuta wasiƙa ya nemi hakan ba.

A nan ne kuma ake ganin ainihin abin da sarauta take nufi. Sarkin Hausawa na zango, ko a Yawunde, ko a Kumasi, ko a Sabo ta Ibadan, ba shi da daji, ba shi da kogi, ba shi da iyakar da zai tsare. Ƙasar da yake zaune a kai ta wasu ce tun asali, hukuma kuma ta gwamnati ce. A Kamaru dokar 15 ga Yulin 1977 ta kasa sarautun gargajiya mataki 3, ta mai da masu riƙe da su mataimakan hukuma. Duk da haka ƙofarsa ba ta rabuwa da takalma. Baƙon da ya sauka ba shi da masauki, matar da miji ya gudu ya bari, 'yan kasuwar da bashi ya haɗa, gawar da ba a san danginta ba, duk can ake kai su. Rawaninsa a kan mutane aka naɗa shi. Mai Westarctica yana da murabba'in kilomita miliyan 1.6 a takarda, amma ba a taɓa tashinsa da tsakar dare don rabon faɗa ba. Idan ana son a san nauyin rawani, a ƙirga masu ƙwanƙwasa ƙofa.

Da maganar ta tsaya a nan da mun kwanta da daɗi, mu ce zama ya fi takarda. Tarihin ƙasar nan bai bar mu mu faɗi haka ba. Lokacin da Tafkin Cadi ya ja baya a shekarun fari, sabuwar ƙasa ta fito inda da ruwa ne. Masunta da manoma, da yawansu Hausawa daga Najeriya, suka bi ruwan, suka kafa Darak da ƙauyukan kewaye. Sun raya wurin ta kowace fuska, hukumomin Najeriya suka biyo su da makaranta da 'yan sanda da haraji. Amma ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya da ke Heg ta ce yankin na Kamaru ne, bisa takardun iyaka da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931. A hukuncin nan dai ta ba Kamaru Bakasi bisa yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913, aka kammala miƙawa ranar 14 ga Agustan 2008. Kotun ta bayyana cewa inda takarda ingantacciya take, daɗewar zama ba ta ture ta. Layin da wasu Turawa suka ja tun kafin a haifi masuntan ya rinjayi gumin shekara da shekaru.

Wannan darasi ya shafi kowane mai gida a Birik. Tun dokar filaye ta 6 ga Yulin 1974, takardar mallaka da hukuma ke bayarwa ita ce shaidar da doka ta sani. Filin da ba shi da ita yana cikin filayen ƙasa da gwamnati ke kula da su, ko da kakan kakanka ne ya sare shi. Dokar ba ta watsar da hikimar malamai ba, domin ta ba wanda ya riga ya zauna ya raya wuri damar ya nemi takarda. Sai dai nema ake yi, ba ta zuwa da kanta. Gidaje nawa ne aka gada baki da baki, magada sun kai ashirin, ba a raba ba, ba a rubuta ba? Ranar da aka zo faɗaɗa titi ko sabunta unguwa, "kowa ya san gidanmu ne" ba ta cika tsayawa a gaban ma'aikacin da ke riƙe da fayil ba. Ashe "tawa ce" ba ta cika sai wasu sun amsa da "taka ce", kuma a zamanin nan amsar a rubuce ake karɓarta. Abin da McHenry ya rasa ke nan. Ya yi magana, duniya ta yi shiru.

Saura fuska ɗaya, kuma ita ce ta fi ba ni tunani. Masu Flandrensis, da wasa ya yi wasa, sai suka mai da abin ƙungiyar kare muhalli. Suna cewa su ne ƙasar da ba ta son kowa ya zauna a cikinta. Westarctica ma ta koma ƙungiyar sa-kai mai wayar da kai a kan narkewar ƙanƙara. Wato sun ce wuri nasu ne don kada kowa ya taɓa shi. A ma'aunin raya mataccen fili wannan magana ba ta da kai. Amma muna da wata kalmar da ta dace da ita, ita ce hurumi. Kowane garin Hausa na da wurin da aka hana sara da shuka: maƙabarta, filin idi, makiyaya, burtali, bakin rijiya, gefen ganuwa. Ba don ba su da amfani aka bar su ba, sai don amfaninsu na kowa ne, kuma ranar da mutum ɗaya ya ce nasa ne, ranar kowa ya yi asara. Rikicin manoma da makiyaya da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kaso mai yawa nasa daga cinye burtali da makiyaya ya taso.

Yarjejeniyar Antaktika, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu a Washinton ranar 1 ga Disamban 1959, hurumi ta yi wa nahiya sukutum. Ta jingine iƙirarin kowa, ta hana sabo, ta hana sansanin yaƙi da gwajin nukiliya, ta bar wurin ga masu bincike. A 1991 aka ƙara da yarjejeniyar Madrid wadda ta hana haƙar ma'adinai. Yau ƙasashe sama da 50 ne a ciki. Akwai abin dubawa a nan, domin a cikin 12 na farko Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu, ita ma a lokacin mulkin wariyar launin fata. Yawancinmu muna ƙarƙashin Turawa sa'ad da aka yanke shawarar, Kamaru ma sai bayan wata guda ta sami 'yanci. An yi hurumin duniya ba a tambaye mu ba, ko da yake abin da aka yanke ɗin alheri ne.

Kuma abin ya shafe mu, ko an tambaye mu ko ba a tambaye mu ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin duniya a daskare yake a Antaktika. A gaɓar Ƙasar Marie Byrd ɗin nan akwai wani makeken kogin ƙanƙara mai suna Thwaites, wanda ruwan teku mai ɗumi ke ci ta ƙarƙashi. Masana sun ƙiyasta cewa idan shi kaɗai ya narke, teku za ta ƙaru da kimanin santimita 65, idan kuma ƙanƙarar yammacin nahiyar ta bi shi, abin zai haura mita 3. Duwala a bakin ruwa take, haka Legas, haka Kwatano, kuma a kowanne cikinsu akwai zangon Hausawa, akwai tashar da kayan shagunanmu ke sauka. Wurin da ba na kowa ba yana iya shigowa ɗakin kowa.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ƙoramun da ke ratsa Yawunde su zuba a Mfundi suna da nasu hurumin, mun bi mun gine shi, abin da ya rage mun cika shi da leda da robobi. Lungun da ya kamata motar kashe gobara ta bi, kowa ya ɗan turo katangarsa taku ɗaya har ya zama sai mutum ya karkace. Da damina ta sauka ruwa kan karɓi hanyarsa ta cikin ɗakuna. Kowannenmu ya iya cewa "gidana", amma kwata da lungu da bakin rafi an bar su marayu, alhali su ne ke riƙe da gidajen.

Saboda haka wanda zai ce wuri nasa ne, a tambaye shi abu uku: me ya raya a wurin, wa ya shaida masa, kuma me ya yarda ya bari saboda jama'a. Sarakunan ƙanƙara sun faɗi a ta farko da ta biyu, amma sun ci ta uku, wadda mu muka fi sakaci da ita. Jama'ar Birik, iyaye da 'yan'uwa, ta farko kakanninmu sun gama mana ita. Ta biyu tana jiranmu a ofishin filaye, a tara magada a raba gado, a nemi takarda tun dattawan da suka san iyaka suna raye. Ta uku kuwa ba ta bukatar sa hannun kowa. A bar wa ruwa hanyarsa, a bar wa lungu faɗinsa, kuma masu unguwa da limamai su riƙa faɗar haka a bainar jama'a kafin damina ta zo.